Direban Aro

Ɗahiru ne ya kawo shawarar, a barandar gidan Falalu da ke Nassarawa GRA. Ya ce tun da suka dawo daga Ingila ba su taɓa fita ko'ina tare ba. Ya san wani mutum mai jirgin ruwa a Tiga. Za su tafi ran Asabar su yi yawo a kan ruwan dam ɗin da aka gama, su kwana, ran Lahadi su dawo su zaga cikin birni kamar baƙi. Abin ba zai ci kuɗi ba, in ji shi.

Su uku ne. Falalu jami'i ne a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, gidan da yake ciki ma na gwamnati ne. Ɗahiru injiniya ne a wata masaƙa a Bompai. Malachi mutumin Zariya ne, yana koyar da lissafi a sakandare. Ɗaki ɗaya suka zauna a Ingila, sanyi da rashin kuɗi suka haɗa su. Da suka dawo sai aka rasa abin da zai ci gaba da haɗa su, amma babu wanda ya yarda ya fara faɗa.

Matsalar mota ce. Ta Ɗahiru tana gareji, Malachi babur gare shi, rancen motar Falalu kuma bai fito ba. Ɗahiru ya ce shatar tasi ɓarna ce. Ya nuna Landirobar ma'aikata da ke fake a gindin darbejiya, da sunan ma'aikatar a jikin ƙofarta. An kawo ta ne don Falalu zai fita rangadi ran Litinin. Direbanta Ya'u ya ajiye makulli ya tafi Ringim wajen iyalinsa.

Falalu ya ce a'a. Sojojin da suka karɓi mulki a daminar nan korar ma'aikata suke yi babu ƙaƙƙautawa. An kori wani a ofishinsu don kawai an ga motar gwamnati ta sauke itace a gidan surukansa. Kuma duk wanda aka kora, da gidan yake rabuwa.

"Yallaɓai ya tsorata," in ji Ɗahiru. "Malachi, tashi mu tafi, kada a gan mu da shi a kore mu."

Matar Falalu, Binta, tana jin su daga falo. Da suka tafi ta ce masa ita dai ba ta da inda za ta kai kayanta in aka fitar da su, ya yi tunani. Ya ce mata Tiga daji ne, babu wanda zai gan su.

Ɗahiru ne ya tuƙa, don Falalu bai iya babbar mota ba. Tun a hanyar Zariya suka fara musu a kan wanda ya manta da burodi.

Jirgin ruwan da aka yi ta zuzutawa kwalekwale ne da aka ɗaura wa inji a baya. Babu rumfa, babu kujera sai katako. Ɗahiru ya daɗe yana ciniki da mai jirgin har mutumin ya gaji ya sallama. Suka shiga. Ruwan yana da faɗi, kawunan itatuwan da dam ya cinye suna leƙowa nan da can. Malachi ya ce wurin da kyau.

Sun yi nisa da gaɓa injin ya yi tari ya mutu. Falalu ya gaya wa mai jirgin kada ya damu, ai da injiniya suke tafe, daga Ingila. Ɗahiru ya durƙusa ya kwance murfin inji, ya ɓata rigarsa da baƙin mai, ya ja igiya har hannunsa ya yi kanta. Can mai jirgin ya ce ba lalacewa ya yi ba, fetur ne ya ƙare. Gwargwadon abin da aka biya shi ya zuba.

Falalu ya yi dariya har da riƙe ciki. Da wasu masunta suka zo wucewa ya tsayar da su ya ba su labari daga farko, yana nuna Ɗahiru da yatsa. Su ma suka dara. Da filafili ɗaya da gora suka dawo gaɓa, rana tana dukansu, Malachi yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Da suka sauka Ɗahiru ya sayi kifi karfasa himili guda don ya same ta da araha, ya zuba a buhu ya jefa bayan mota, babu ƙanƙara.

Masaukin da ya yi musu alkawari ɗakin ajiyar wani abokinsa ne, rabinsa buhunan siminti. Suka kwana da sauro.

Da safe Falalu ya ce a wuce gida kai tsaye a ajiye motar mutane. Ɗahiru ya ce an shirya zaga birni, kuma za a zaga, in Falalu yana sauri ga makulli nan ya tuƙa. Malachi ya ce su biyun sun ishe shi, duk wanda ya ƙara gayyatarsa wani wuri Allah ya isa.

Suka shiga ta Ƙofar Mata. A marina masu rini suka ga Ɗahiru da malafa da wando mai faɗin ƙafa, suka ɗauka baƙon Ikko ne, suka fara yi masa gwarancin Turanci. Shi kuwa a Yakasai aka haife shi, nan kusa. A Kurmi Malachi ya sayi jakar fata, Ɗahiru ya ce an cuce shi. Falalu bai fito daga mota ba. Wandonsa na jiya bai bushe ba, don haka kaftani da hula ya sa, ya nutse a kujera yana kare fuska da hannu.

Saura Dala. Ɗahiru ya ce ya san yanke, ya karya kan mota cikin wani layi. Suna shan kwana suka tarar da motoci a jere a bakin hanya, gaba kuma tabarmi sun cika titi, mutane zaune a kai. Falalu ya gane motocin tun kafin ya gane mutanen. Na manyan ma'aikatarsu ne. A ƙofar zaure, a kan darduma, Babban Sakatare ne da kansa, Alhaji Zubairu.

Malachi ya leƙa ya tambayi wani mai goro abin da ake yi. Mutumin ya ce mahaifiyar Alhaji ce ta rasu jiya da azahar, an kai ta kafin magariba, ai har a rediyo an faɗa.

Ɗahiru ya sa giyar baya. Wata Fijo ta riga ta shigo ta tsaya a bayansu. Mutanen kan tabarma sun fara juyowa, wasu suna karanta sunan da ke jikin ƙofa.

Akwai tafiya ɗaya da babu wanda zai tuhumi jami'i a kanta ko da ran Lahadi ne, ita ce zuwa ta'aziyyar uwar maigidansa. Sai dai motar gwamnati ba ta fita sai da direban gwamnati. Falalu ya dubi Ɗahiru, da rigarsa mai baƙin mai da malafarsa.

"Ka zauna a nan," ya ce. "Kai ne direba. Ya'u ba shi da lafiya, aka ba ni kai daga gareji. Kada ka yi magana da kowa."

"Ni?"

"Don Allah, Ɗahiru. Aikina ne."

Ɗahiru ya kashe mota, ya ɗora hannuwa a kan sitiyari, ya zuba wa gilashi ido.

Falalu da Malachi suka sauka, suka tuɓe takalma a bakin tabarma, suka tsugunna gaban Alhaji Zubairu. Aka yi addu'a aka shafa. Malachi ya sunkuyar da kai har aka gama, sannan ya ce Allah ya jiƙanta, ya ba da haƙuri. Alhaji ya amsa. Ya ce wa Falalu jiya ya aika gidansa aka ce ya fita. Falalu ya ce dawowarsa ke nan ya ji, bai ko zauna ba ya taho. Alhaji ya ce ya gode, ya nuna musu wuri kusa da shi.

Wanda aka nuna wa wuri ba ya tashi nan take. Duk ayarin da ya iso sai an sake addu'a, kuma ayarin ba ya yankewa. Aka kawo ruwa da goro. Hankalin Falalu ya fara kwanciya. Wani abokin aikinsa ya raɗa masa cewa ya kyauta da ya zo yau, Alhaji yana lura da waɗanda ba su zo ba.

Akwai wani tsoho, Malam Garba, kawun Alhaji, shi ke kai da kawo a wurin. An aiko masa cewa an gama abinci a gidan wata 'yar marigayiyar, ana neman motar da za ta ɗauko tukwane. Ya duba motocin, ya ga babu mai fili kamar Landiroba. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofarta da sandarsa.

"Kai direba, a garinku haka ake yi? Ana zaman makoki kana hakimce a mota da malafa? Sauko."

Ɗahiru ya sauko. Tsohon ya tambaye shi ɗan wane gari ne, bai amsa ba. Ya ce ko kurma ne aka ɗauka aiki. Ya sa shi ya kwaso fantekai daga zaure, Ɗahiru ya kwaso. Ya sa shi ya koma ya ɗauko murafensu, ya koma. Sauran direbobin da ke zaune a inuwa suna kallonsa, suna tambayar juna ko yaushe aka ɗauke shi.

Sai Malam Garba ya ce ya buɗe baya a zuba kayan. Ɗahiru ya tsaya, buhun kifi na ciki tun jiya. Ya waiwaya ya dubi Falalu. Tsohon ya ɗaga murya ya ce yaron nan ba ya jin magana, na wane ne? Idanu suka koma kan Falalu, har da na Alhaji Zubairu.

Da Falalu ya tashi ya je da kansa, da wataƙila ya san yadda zai yi da buhun. Amma jami'i ba ya tasowa don direba. Daga inda yake zaune ya yi magana, da muryar da yake yi wa Ya'u.

"Kai direba, yi abin da Baba ya ce mana. Kada ka kawo mana shashanci a nan."

Ɗahiru ya ajiye fantekan a ƙasa. Ya cire malafa. Ya tako har kan tabarma da takalmansa, mutane suna janye ƙafafu, ya jefa makulli a cinyar Falalu.

"Ga makullinka. Ni ba direban kowa ba ne, ni injiniya ne. Tun jiya nake tuƙa ka, Tiga da dawowa. Ya isa haka."

Ya ƙara wasu kalmomi da Turanci, waɗanda rabin masu zaman suka fahimta. Sannan ya juya ya bi ta tsakanin motoci ya fita daga layin. Bai yi wa kowa ta'aziyya ba.

Malam Garba bai gane abin da ya faru ba, shi dai abinci yake so a ɗauko. Ya murɗa ƙofar baya da kansa. Warin ya iso tabarma kafin ya ja da baya yana toshe hanci da babbar riga.

Alhaji Zubairu bai ɗaga murya ba. Ya kira direbansa, ya ce ya karɓi makulli a wurin Falalu ya kai motar ma'aikata, ya sa a wanke ta. Ya ce wa kawunsa a ɗauki Fijo a je ɗauko abincin, ko da sawu biyu ne. Sannan ya dubi Falalu.

"An gode. Allah ya ba da lada."

Falalu ya buɗe baki, Malachi ya taɓa masa gwiwa. Suka tashi suka sa takalma. Wasu baƙi sun iso, aka ɗaga hannu aka shiga wata addu'ar.

Da ƙafa suka fito har bakin titi. Falalu ya ce da Malachi ya je ya tsaya wajen Ɗahiru da duk haka ba ta faru ba. Malachi ya ce shi ba motarsa ba, ba kifinsa ba, kada a sa shi ciki. Suka tari tasi. Binta ta ga Falalu ya shigo da ƙafa, ta dubi gindin darbejiya, ta koma ɗaki.

Ba a je rangadi ba. Ba a kuma kira shi don jin ta bakinsa ba. Bayan an yi sadakar bakwai aka sallame shi tare da wasu, aka ce ya bar gidan kafin ƙarshen wata.

Yayan Binta ya ba su ɗaki biyu a Kawaji. Ran tashi Malachi ya zo ya taya su loda kaya a a-kori-kura. Ɗahiru bai zo ba, ya dai aiko a gaya wa Falalu cewa shi yake jira ya zo ya ba shi haƙuri. Suna cikin fitar da gado jami'in da aka ba gidan ya iso da matarsa, suka yi sallama suka shige suna auna tagogi don labule. Matar ta tambayi Binta ko famfon kicin yana kawo ruwa da rana.

Falalu ya tambayi Malachi ko ana neman malami a makarantarsu. Malachi ya ce makarantar gwamnati ce, ba ta ɗaukar wanda gwamnati ta kora. Ya ce ya gwada masaƙun Bompai, ya ji suna neman akawu.

"Ɗaga wancan gefen," in ji Falalu.