Dogon Lensi a Ɗakin Baba

Ɗakin Baba taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya ƙulla gaba da haske: kana kunna fitila zai runtse ido, ya hau zagin wanda ya ƙirƙiro lantarki har da iyayensa. Abin da ya dame ni, duk gidanmu babu hoton mutumin nan sai na katin aikinsa, inda ya yi kicin-kicin kamar an kama shi da kayan sata. Ga likita ya riga ya yi mana irin maganar nan tasu ta "a ci gaba da addu'a". Na gwada ɗaukarsa da waya, ta fito min da wani baƙin dunƙule a kan matashi. Sai na ce wa Yaya mu sayi kyamara ta gaske, kafin fuskar ta tafi ta bar mu.

Shi kuwa Yaya, Allah ya yi shi da sanin komai. Bai taɓa riƙe kyamara ba a rayuwarsa, amma kafin mu kai shago ya gama koya min ɗaukar hoto.

Na yi wa mai shago bayani: ɗaki ne mai duhu, mara lafiya ne, hasken filasha kuma ko a mafarki. Ya zaɓo mana kyamara, sannan ya jera lensi biyu a kan tebur, wato gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, ɗaya guntu, ɗaya dogo kamar bututun famfo.

"Guntun nan bakinsa yana buɗewa sosai, haske kaɗan ya ishe shi," in ji shi. "Sai dai ba ya zuƙo abu, ke za ki matsa da ƙafarki. Dogon na rana ne, na filin ƙwallo da tsuntsaye."

Yaya ya ɗaga guntun da yatsa biyu, ya taɓe baki. "Malam, uba ɗaya gare mu fa. A ce da murfin kwalba za a ɗauke shi?"

"Yaya, ka ji dai abin da ya ce."

"Auta, yi shiru, maza na magana."

Mai shago ya kalli Yaya, ya kalli dogon da ya daɗe yana shan ƙura, nan take shi ma ya gano cewa lallai dogon ya fi kwarjini. Haka muka fito da dogon, Yaya ya rataya abin a wuya yana tafiya yana waige ko ana kallonsa.

A gida aka yi ta. Yaya ya tsaya a bakin gado, ya leƙa, ba ya ganin komai sai ƙofar hancin Baba. Ya ja baya, kunne ya shigo. Ya fice daga ɗakin yana ja da baya, ya bi baranda, kyamara tana ta ƙugi tana neman abin kamawa a duhu.

Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kai, hotona za ka ɗauka ko harbe ni za ka yi?"

"Baba, kar ka motsa!"

Yana faɗin haka ya afka banɗaki ta baya, ƙafarsa ta lume a bokitin wankin Mama har gwiwa. Wayyo Allah! Baba ya kwashe da dariya, irin tasa ta da, wadda ke girgiza gado. Rabon da mu ji ta har na manta. Yaya kuma, da taurin kai, ƙafa na cikin bokiti yana ta danna maɓalli.

Hotunan dai sai a hankali. A duhu kyamara takan daɗe idonta a buɗe, ko numfashi ka yi sai ya nuna, balle mai ƙyaƙyata dariya. Baba ya fito da kai uku, baki wangale, duk ya dame kamar an shafa shi da hannu. Mama ta leƙa ta yi dariya har da hawaye. Bayan ta koma kicin Yaya ya ce wannan ɓata masa suna ne, ya goge su kaf, ya haye rufin gida ya wuni yana cika memorin kyamarar da hotunan tantabarun maƙwabta. Kowace tantabara ta fito raɗau, har ƙwayar idonta.

Washegari ni kaɗai na koma shago. An sayar da guntun, sai an kawo wani. Kafin a kawo, jikin Baba ya rikice, magana ma ta yi wuya.

Ranar da guntun lensin ya iso na zauna a gefen gadon, da ɗan hasken tagar nan kawai, na danna sau ɗaya. Mai shago bai yi ƙarya ba. Komai ya fito: ramin kumatu, busassun leɓɓa, jijiyar wuya. Baba ya kalli kyamara bai zagi kowa ba, wannan kuma shi ya fi ba ni tsoro. Na fita baranda na yi kuka na ƙoshi.

Bayan rasuwarsa, da mutane suka watse, Yaya ya sa aka wanko hoton babba, aka yi masa firam mai ruwan zinariya. Ya kai wa Mama da hannu biyu, yana ta bayanin yadda ya fito tangaram.

Mama ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta miƙa wa Yaya abinsa.

"Wannan fuskar ai na san ta, ni na yi jinyarta," ta ce. "Ku wanko min na ranar bokitin nan, wanda yake dariya."