Bororo Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara shida na yi ina fasa jijiyar mace ɗaya, ko sunanta ban sani ba.

Aikina ke nan, a wani kamfani da ke gefen Minneapolis. Jijiyar jini a ƙwaƙwalwa takan yi rauni ta kumbura, ta yi bororo kamar ƙwayar wake, ranar da ya fashe kuwa sai dai addu'a. Likita yakan zura siririn bututu ta cinya har cikin kai, ya tura zaren farin ƙarfe. A cikin bututun zaren a miƙe yake. Da ya fito sai ya koma siffar da aka gasa shi a kanta, ya nannaɗe ya cika bororon, jini ya daskare a jikinsa, wurin ya toshe. Ni ce mai zana wannan siffar.

Ba a kan mutane muke gwaji ba. Akwai wani tsoho, Orrin Skoglund, shi yake zuba mana jijiyoyin roba daga hotunan kawunan marasa lafiya, babu suna sai lamba. Muna jona su da famfo mai harba jan ruwa, dum, dum, kamar zuciya. Duk na shawo kansu ban da lamba arba'in da ɗaya. Wuyan bororon da faɗi, ga wani ɗan tsiro a gefen hagu mai fata kamar ɓawon albasa. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da zaren da faɗinsa ya yi daidai da bororon, ya zagaya ya yi kwando, sannan a cika da ƙanana. To a wannan shegen, zagaye na uku yakan faɗa cikin tsiron, sai ka ga jan ruwa ya yi tsartuwa a gilashi.

"Kin sake kashe ta, Marlys," in ji Orrin, yana kurɓar kofi.

"Zubo wata, ka rufa min baki."

Sau ɗari biyu da sha biyu na gwada, sau tara kacal ta tsira. Duka taran da ƙaramin zare mai laushi ne, kuma sai na karkata bakin bututun dama kafin zagaye na uku. Manyanmu suka ce in rabu da shi, wai irinsa ba ya zuwa sau biyu. Ni kuma taurin kai ya hana ni.

Wata Talata da hantsi aka kira ni daga asibiti. 'Yar'uwata Joyce, wadda aka haife mu tare tagwaye, tana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida sai fatar idonta ɗaya ta faɗi, ta fara ganin komai biyu-biyu. Na same ta a kwance tana mita wai an hana ta cin abinci. Likitan, wani dogo mai suna Brandvold, ya juyo mana da allon hoton don ya yi bayani.

Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ƙura wa hoton ido.

"Juya shi," na ce. "Akwai tsiro a hagu, ta baya."

Ya dube ni, ya juya hoton a hankali. Ga tsiron nan. Ga wuyan nan mai faɗi, har da 'yar lanƙwasar da take ba ni haushi kowace safiya.

"Wa ya nuna miki hoton nan?"

"Ba kowa. Da wane zare za ka fara?"

Ya ce mai faɗin bororon, kamar yadda aka saba. Nan fa na hau shi. Na faɗa masa aikina, na faɗa masa lambar, na zana masa zagayen a bayan takardar abinci. Ya ce cikin ladabi roba daban, mutum daban. Na ce na sani, amma in ya bi ƙa'idarsa gobe, zagaye na uku ne zai kashe 'yar'uwata, kuma ni na gani da idona sau ɗari biyu.

"Likita, yi haƙuri da ita," in ji Joyce, ido ɗaya a rufe. "Minti sha ɗaya ta ba ni, tun daga nan take mulkina."

"Ke yi shiru, ba da ke ake ba."

"Da kaina ake, ai."

Bai ce zai bi maganata ba. Ya dai ninke takardar ya sa a aljihu.

Washegari ƙarfe takwas na safe suka shiga da ita. Na zauna a ɗakin jira, talabijin yana ta surutun yanayi. Can na lura yatsuna biyu suna motsi a kan cinyata, suna tura abin da ba ya nan. Ɗaya. Biyu. Wallahi na ji turjiyar a fatar yatsana, daidai yadda nake jin ta a wurin aiki, na karkata hannu dama. Wata mata da ke kusa da ni ta tashi ta canza kujera. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, don Joyce ce kaɗai ta rage min a duniya.

Wajen sha ɗaya Brandvold ya fito. Ya ce tana lafiya, wurin ya toshe. Da ƙaramin zaren ya fara, kuma a zagaye na uku zaren ya nufi tsiron, sai likitan ya ja shi baya ya karkata bututun. Na fashe da kuka a tsaye, ban damu da kowa ba.

Amma bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon goshina.

"Ke da ita ba a bambanta ku," ya ce. "Robar nan taku, daga kan wa aka ɗauko ta?"

Na kira Orrin a gabansa. Ya daɗe yana bincike, ina jin famfon yana bugawa a bayansa. Ya ce babu suna, na sani ai. Mace ce, shekara arba'in da uku, an ɗauki hoton a wani asibiti a garin Hibbing, watan Nuwamba, shekara tara da suka wuce.

Joyce ba ta taɓa taka Hibbing ba. Ni ce na buge barewa da mota a hanyar can, lokacin farauta, kaina ya daki gilashi. Suka ɗauki hoto, na sa hannu a takardu ban karanta ba, na kama hanya. Sau biyu suka kira ni daga baya. Ban ɗauka ba, don garau nake jin kaina kuma aiki ya yi min yawa.

"Marlys, kina ji na?" in ji Orrin.

Da azahar suka sa ni a injin hoton. Na bi dogon barandar ina taka ƙasa a hankali, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Duk da haka akwai abin da na riƙe a raina: ba wanda ya san bororon nan kamar ni, kuma yau ɗin nan aka ci galaba a kan irinsa.

Brandvold ya juyo min da allon. Shekara tara bororon yana girma a cikin kaina. Ya ninka, wuyan ya karkace, tsiron ya zama uku. Ya ciro biro ya ajiye min farar takarda.

"Da wane zare zan fara?"

Na duba, na sa ya juya, na sake dubawa.

"Wannan ban san shi ba," na ce.