Kusoshi Biyu a Idon Sawun Mai Mita

Shekara ashirin da shida ya yi yana zagaya unguwanni yana karanta mitar ruwa, har mutane suka daina tambayar sunansa, Mai Mita kawai suke ce masa. Ya san ƙofar da sai an ɗaga ta take buɗewa, ya san karen da haushi ne kawai aikinsa da wanda yake cizo ba gargaɗi. A duk shekarun nan ko targaɗe bai taɓa yi ba.

Wata Talata da hantsi, a bayan shagon wani mai wanki da guga, ya taka murfin ramin da mitar take ciki. Murfin kankare ne, ya sha taka shi. Ranar sai ya kife. Ƙafarsa ta dama ta zurma, tafin ya maƙale, jikinsa kuma ya juya ya faɗi gefe. Ya ji ƙas, kamar an karya busasshen reshe. Sai da ya leƙa ya rubuta lambar mitar a littafinsa tukuna ya yunƙura zai tashi. Yana ɗora ƙafar a ƙasa duhu ya gilma masa, ya koma ya zauna.

Mai wanki ya fito da kumfa a hannu, ya kama shi ya jingina da bango.

"Sannu, Mai Mita. Wa zan kira maka?"

"Bar shi, targaɗe ne. Tsayar min da tasi kawai."

A asibiti sai da aka sa almakashi aka yanka takalmin, don ƙafar ta cika shi fam. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar da ta zo da hoton yarinya ce a wurinsa, ba za ta girmi 'yarsa ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da gadon.

"Baba, kai hannu ƙafarka mai lafiya," in ji ta. "Ka ji tudu biyu a idon sawu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki? Na cikin nan ƙarshen babban ƙashin ƙwauri ne. Shi ne ya ɓalle."

Ya shafa, ya ji shi. Shekara hamsin da bakwai yana yawo da abin bai taɓa lura da shi ba.

"Da tsagewa ya yi ya tsaya a wurinsa, simintin ɗori kawai zan sa maka na sati shida. Amma dubi nan." Ta ɗora bakin biro a kan wani baƙin layi. "Ya goce. Sau da yawa kuma tantanin da ke lulluɓe da ƙashi yakan shiga tsakani ya hana shi haɗewa. In aka bar shi ya kama a karkace, gaɓar za ta riƙa cin kanta, nan da 'yan shekaru tafiya ta zame maka azaba. Aiki za mu yi, mu mayar da shi mazauninsa, mu ɗaure da kusoshi biyu masu zare."

"Yau?"

"A'a. In aka tsaga fata da wannan kumburin, ɗinki ba zai kama ba. Sai ya sace tukuna."

Aka sa masa rabin siminti ta baya, aka naɗe da bandeji, aka ɗora ƙafar a kan filo uku. Da suka ji a hawa na biyu yake zaune kuma shi kaɗai, suka ba shi gado.

Nas ta zo da takarda. "Wa za mu rubuta na kusa da kai, Baba?"

Ya ciro waya ya shiga duba lambobi. Akwai fiye da ɗari biyu. Gida mai koren get. Tsohuwa mai kare. Mai gadin makaranta. Bayan gidan mai. Duk mutanen da yake kira ne su buɗe masa ƙofa. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, lambarta tana nan bai goge ba. Saura 'yarsa tilo, wadda yake kira Mamana, tana aure a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Cikinta wata bakwai da rabi ne, kuma biyu sun zube kafin wannan. Likitanta ya hana ta ko ɗaukar bokiti.

Ya ba da lambarta, sannan ya ce, "Amma kar a kira ta sai in mutuwa na yi."

Nas ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta.

Kwana shida ya yi yana jiran kumburi ya sauka. Maƙwabcinsa na gado direban babbar mota ne da ya karye a cinya, mutum mai surutu. Da ya ji sana'arsa ya ce, "Au, kai ne mai karanta mitar famfon da iska kawai yake kawo mana? Ai alhakinmu ne ya kama ka." Mai Mita ya yi dariya har ƙafar ta amsa.

Ƙarfe huɗu zuwa shida ne ke masa wuya. Lokacin ne ake buɗe wa masu dubiya ƙofa, ɗakin ya cika da mata da yara da kwanuka, kowane gado da mutanensa. Shi sai ya juya fuska bango ya yi kamar barci yake. Rana ta uku matar direban ta ajiye masa lemo biyu a kan durowa ba tare da ta tashe shi ba. Ya ji ta sarai. Sai da aka watse ya juyo ya ɓare.

Ranar aiki aka yi masa allura a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama kamar ba nasa ba. Aka tare masa da ƙyalle don kada ya gani, amma kunnensa a buɗe yake. Ya ji ƙarar injin huda, irin wanda kafinta ke amfani da shi, ya ji likitar tana cewa a miƙo mata mai tsawon kaza. Bai kai awa ɗaya ba aka gama. Washegari ta nuna masa sabon hoto: kusoshi biyu farare, a jere, sun shiga ta ƙasan ƙashin sun haura sama, baƙin layin ya rufe.

"Sati biyu a cire zare. Sati shida ba za ka taka ta ba, ko sau ɗaya. Ka ji, Baba? Ko gobara ake yi, da ƙafa ɗaya za ka fita."

Abokan aikinsa biyu ne suka mai da shi gida a motar ofis. Suka ciccibe shi suka haura da shi matakala talatin da huɗu suna haki suna tsokanarsa da cewa siminti ne ya yi nauyi ko shi ne. Suka ce za su riƙa leƙowa. Ɗayan ya dawo sau biyu, har shi ya kai shi cire zare. Daga nan aiki ya yi masa yawa, don unguwannin Mai Mita a kansa aka ɗora.

Ɗaki da falo ne, da kicin ɗan mitsitsi. Bai taɓa sanin gidan yana da faɗi ba sai da ya fara auna shi da sandunan dogarawa. Mai sanda biyu ba shi da hannun ɗaukar kofi. Ranar farko ya dafa shayi ya tsaya yana kallonsa a kicin, daga ƙarshe ya sha a tsaye a wurin. Daga baya ya koyi zuba shi a filas, ya sa a jakar aikinsa, ya rataya a wuya. In zai yi wanka sai ya zura ƙafar a leda ya ɗaure bakin, ya zauna a kujerar roba ya ɗora ta a kan bokiti. Mai shagon da ke ƙasan benen ba ya iya barin shago, don haka suka yi dabara: Mai Mita ya ɗaura igiyar shanya a kwando ya zuro ta taga, a saka masa burodi da ƙwai da madara, ya jawo. Wasu ranakun "ja" da "na gode" ne kaɗai maganar da yake yi da wani mahaluki.

Tagar tana kallon titi. Da safe yakan ga masu tafiya aiki, ya tsinci kansa yana kallon ƙafafunsu: wannan yana jan ta hagu, waccan takalminta ya matse ta. Yakan lissafa cewa yau sha biyu ga wata, da yanzu yana layin bayan makaranta. Ƙafar takan yi ƙaiƙayi a cikin siminti inda hannu ba ya kaiwa. An hana shi zura komai, sai ya riƙa ƙwanƙwasa simintin da cokali.

'Yarsa takan kira duk bayan kwana biyu. In ta kira ta bidiyo sai ya ƙi ɗauka, ya kira ta ta murya ya ce sabis ne ba kyau.

"Baba, yau ba na jin ƙarar motoci. Ba ka fita ba ne?"

"Na dawo da wuri, Mamana. Ke ya jikin?"

"Ƙafafuna duk sun kumbura. Baba, ba ka san wahalar kumburin ƙafa ba."

"Ki riƙa ɗora su a kan filo," ya ce, yana kallon tasa. "Uku, su fi ƙirjinki tudu."

A sati na biyar bayan aikin 'yarsa ta haihu, mace, lafiya lau. Mijinta ne ya fara kira, daga baya ita, muryarta a dushe.

"Baba, gobe ka shigo motar farko. Ina son ka fara ganinta kafin kowa."

Ya buɗe baki zai ce ofis ba za su ba shi hutu ba, sai ya ji ƙaryar ta ƙi fitowa. Ya faɗa mata. Ya faɗi murfin, da hoton, da kusoshin.

"Sati nawa?" ta tambaya.

"Da kwanakin asibiti, shida."

"Wa yake dafa maka abinci?"

"Ina yi."

"Da aka shiga da kai ɗakin aiki, wa ya zauna a ƙofa?"

Ya ji jaririyar ta fara kuka kusa da wayar.

"Na san dalilinka," ta ce. "Amma ka mayar da ni bare, Baba." Ta kashe.

Kwana huɗu ba ta kira ba, shi kuma ya kasa kira. Rana ta biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Surukinsa ne, malamin makaranta, dogo mai kunya, riƙe da ƙaramar jaka. Tun da aka yi auren ba su taɓa zama su biyu kaɗai ba. Suka gaisa, suka sake gaisawa, magana ta ƙare. Sai surukin ya naɗe hannun riga ya share gidan, ya wanke tukwane, ya sauke shara ta sati uku. Ya nuna masa hotunan jaririyar a waya, Mai Mita ya daɗe a kan ɗaya.

Washegari ce ranar komawa asibiti. Mai Mita ya sauko matakala da ɗuwawu, ɗaya bayan ɗaya, surukin yana gaba riƙe da sanduna yana kallon wani wuri don kada ya ba shi kunya. Hoto ya nuna ƙashin ya kama. Aka yanka simintin, ƙafar ta fito siririya, fatar tana saɓulewa, ga tabo kamar tsawon ɗan yatsa. Likitar ta ba shi takalmin roba mai tauri, ta ce ya fara takawa kaɗan-kaɗan, ta tura shi sashen gashin ƙashi.

"Kusoshin fa?" ya tambaya.

"Naka ne. In ba su dame ka ba, ba ruwanmu da su."

A tasi surukin ya ce, "Baba, ta ce kar in dawo ba tare da kai ba."

"Ka ga takardar gashi, sau uku a sati. In na tafi, wa zai yi min? Ka ce mata ina nan tafe da ƙafata."

Da yamma surukin ya kama hanya. Gidan ya yi tsaf, ya kuma fi dā shiru.

Mai gashin ƙashi ya fara da sa shi rubuta baƙaƙe a iska da babban ɗan yatsan ƙafar. Ya sa shi taka sikeli don ya san iya nauyin da zai ɗora wa ƙafar, kwata, sannan rabi. Gaɓar ta yi tauri kamar tsohuwar ƙofa, kullum da yamma ta kumbura. Ya ajiye sanda ɗaya a sati na tara, ɗayar a na sha biyu. Ofis suka ce sai ya cika wata huɗu zai koma zagaye, kuma ƙananan unguwanni za a ba shi.

Kafin nan ya je gidan 'yarsa. Ya kwana biyar a ɗakin baƙi. 'Yarsa ta tsugunna ta cire masa safa da kanta, ta shafa tabon, ta danna inda kan kusoshin yake ƙarƙashin fata. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi ma haka. Ya riƙe jikarsa kullum da safe har ta yi barci. Suka ce ya zauna gaba ɗaya, ya ce saura shekara uku ya yi ritaya, a bari tukuna.

Da ya dawo, ba ta ƙara yarda da "lafiya lau" daga bakinsa ba. Duk Lahadi da la'asar sai ta kira ta bidiyo, ta sa shi ya jingina wayar da kujera a ƙasa, ya taka daga ƙofa zuwa taga ya dawo, tana kallon ƙafafunsa kawai.

"Har yanzu kana ɗingisawa," takan ce.

"Kaɗan."

"Sake."

Sai ya koma bakin ƙofa ya sake takowa.