Murhun Garin Katako

A shekarar da aka buɗe masaƙa a Kakuri Nicholas ya samu aikin reluwe, ya ɗauko matarsa Celina daga ƙauyensu da ke gindin duwatsun Kagoro. Ɗaki ɗaya suka kama a gidan haya. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne ganin ana sayar da itace a ɗaure kamar rake.

A gida ita ce 'yar auta, ita ke yi wa mahaifiyarta itace. Sukan tafi tare, tsohuwar tana nuna mata reshen da za ta sara, ta ce a bar gindin, baɗi zai sake tohowa. Yanzu duk lokacin da Celina ta hura wuta sai ta tsaya tana kallon hayaƙi, tana tunanin wa ke ɗauko wa Mama itace da wannan ciwon bayan nata.

Maƙwabciyarta Chinwe, matar wani kafinta, ta same ta wata rana tana share ido.

"Hayaƙi ne, maman gida?"

"Hayaƙi ne," in ji Celina.

Chinwe ba ta ja maganar ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar garwa mai huji a gindi. Ta tsayar da taɓarya a tsakiya, ta zuba garin katako daga shagon mijinta, ta danne da ƙafa, ta zare taɓaryar a hankali, sannan ta cusa wuta ta hujin. Wake ya nuna, ruwan wanka ya yi zafi, wutar ba ta mutu ba.

Celina ta kwana da abin a ranta. Ta roƙi kafintan ya huda mata garwa biyu, ɗaya tata, ɗaya ta Mama. Ita da mijinta suka sa rai za su kai wa Mama da kansu a Kirsimeti, amma aka hana Nicholas hutu. Sai ta ba Shekari, ƙanen mijinta, wanda zai hau jirgin Kafanchan. Ta bi shi har tasha tana maimaita masa yadda ake dannawa.

Bayan Sabuwar Shekara ya dawo.

"Ta karɓa? Ya yi?"

"Ai babu garin katako a can, Anti. Ƙaiƙayin acca take zubawa, da ɓawon gyaɗa. Yana ci sosai. Ta daina hawa dutse."

Celina ta sauke ajiyar zuciya. "Me kuma ta ce?"

Shekari ya sosa ƙeya. "Ta ce in gaishe ki. Ta ce tuwo yana saurin nuna, sai dai ta rasa wanda za ta zuba wa."

Celina ta juya ta shiga ɗaki. Da Nicholas ya dawo aiki ya tarar ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi ta ajiye bakin gado. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙunshin.

"Ki bari a yi Ista," ya ce. "Zan sake roƙonsu hutu."

Ta ce to, amma ba ta kwance kayan ba.