Siminti a Bangon Rijiya

Ranar Talata na sa aka shafe bangon tsohuwar rijiya da siminti. Buhu shida, magini ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar. Ni da kaina na riƙa miƙa masa ruwa.

Rijiyar tana tsakiyar wani ɗan lambu a bayan kasuwar unguwarmu. Tsamiya huɗu ne a wurin, da benci biyu, sai bangon duwatsu da ya zagaye bakin rijiyar. Matata ce ta kafa ƙungiyar kula da lambun, ita da wasu mata biyar, shi ya sa nake kiranta Shugaba don tsokana. Shekara uku tana neman tallafin da ƙaramar hukuma ke bayarwa don wuraren shaƙatawa da kayan tarihi. Sau biyu aka ce takardunta ba su cika ba. A na uku ta rubuta shafi goma sha ɗaya, ta ajiye mini kwafi a kan tebur, ta ce tunda na yi shekara talatin a laburare ina raina rubutun mutane, in raina nata ma kafin ta kai. Na ce zan duba. Na ɗora wani littafi a kai. Ta jira mako guda, ta kai nata ofis. Bayan wata biyu ta rasu.

Ana cikin wata na biyar da rasuwarta wasiƙa ta zo, wai takardar ta tsallake matakin farko. Matan ƙungiya suka kawo mini, suka ce ni ne mai ilimi, in tsaya musu. Kowa a unguwar ya san abin da ke ƙasa. Duk wurin da ya sami tallafin, ya shiga rajistar kayan tarihi, ba mai taɓa shi. Wanda bai samu ba fili ne kawai, kuma shugabannin kasuwa sun daɗe suna auna lambun da ido, suna son wurin ajiye motoci.

Ofishin tallafi ɗaki ne a ƙarshen baranda, fanka na juyawa ba iska, fayiloli ɗaure da igiya har kan taga. Jami'ar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, da tabarau. Ta yi mini bayani a tsanake. Kwamiti na mutum bakwai ne ke ba da maki ɗari, arba'in a kan darajar tarihi, sauran a raba tsakanin amfanin jama'a da tsarin kashe kuɗi. Ranar Alhamis ta sama za su zo gani da ido. Na tambaye ta wa ya zaɓi mutum bakwai ɗin. Ta ce majalisa. Na ce wa ya zaɓi majalisar, ta yi murmushi, ta ce ai ni ne, da ƙuri'ata.

Har na kai ƙofa ta kira ni, ta rage murya.

"Baba, abu ɗaya. Kada ku taɓa komai kafin mu zo. Ko dutse ɗaya."

Na karanta tarihin gwamnatoci da yawa, kuma ban taɓa cin karo da ma'aikacin da ya rage murya don amfanin talaka ba. A bangon bayanta akwai taswirar unguwarmu, an zagaye kasuwa da jan biro, kuma a ganina layin ya ɗan ciji lambun. Kafin in iso gida na gama lissafina. Bangon rijiyar ya karkace ta gabas, duwatsu uku sun zame. Za su zo su ɗauki hoto, su rubuta cewa wurin haɗari ne ga yara, masu shi sun yi sakaci, shi ke nan.

Washegari sai ga ƙanen matata. Ɗan kwangila ne, kuma tun ranar ta'aziyya ban sa shi a ido ba. Ya zauna a kujerar yayarsa ba tare da an ba shi ba, ya ce ya ji labarin tallafi. Ban tambaye shi a ina ya ji ba, na dai lura. Na faɗa masa abin da nake zargi don in ga fuskarsa.

"Yaya, kai fa kanka na ja," in ji shi. "Ni da nake cin abinci da su ban hango wannan ba."

Ya ce zai aiko da siminti kyauta, ladan ya je wa marigayiya. Na san mutumin da bai taɓa ba da ko ƙusa kyauta ba. Amma zargi biyu ne a gabana, na zaɓi wanda ya ce kaina na ja.

Maginin dattijo ne. Ya zagaya rijiyar sau biyu, ya sa yatsa a tsakanin duwatsun, ya ce wannan gini babu abin da ke riƙe da shi sai nauyinsa, dutse ne ya kwanta a kan dutse, kuma shi bai san mai iya irinsa yanzu ba. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce hannunsa na ɗauka haya, bakinsa ya ajiye wa iyalinsa. Ya shafe shi sumul. Da ya gama, bangon ya fito kamar kwatamin asibiti, ni kuwa na ji daɗi.

Ranar Alhamis 'yan kwamitin suka zo a mota ɗaya. A cikinsu akwai wani tsoho mai sanda, aka ce masanin gine-ginen da ne. Ya dafa bangon, ya duba tafin hannunsa, don simintin bai gama bushewa ba. Ya je ya zauna a benci. Jami'ar ta buɗe fayil, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, ba ku karanta takardar ba?"

Na ce matata ce ta rubuta.

"Na sani. Shafi na huɗu ne ya kawo mu."

Ma'ajiyar ƙungiya, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya jiƙan Shugaba. Sauran matan suka amsa, suka bi ta suka fita.

Sakamako ya fito a allon sanarwa bayan mako uku. Mun sami maki biyar cikin arba'in. Tallafin ya tafi ga wani lambu a shataletalen hanyar filin jirgi, wanda ba mai iya shigarsa sai ya tsallaka titi huɗu. Na nemi rahoton zaman kwamitin, aka ba ni ba gardama. Na bi shi layi layi, ban sami ko tabo ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Kamfanin da zai yi aikin shataletalen ban san sunansa ba, amma na ga wata motar yashi a can mai kama da ta ƙanen matata. Motocin yashi duk kamarsu ɗaya, na sani. Na kira shi, ya ce shi ma abin ya ƙona masa rai, yana kan hanya, zai kira. Jami'ar kuwa an yi mata canjin wurin aiki. Ko hukunci ne, ko lada, babu wanda ya gaya mini.

Ranar da masu awo suka kafa turaku a gindin tsamiya, na dawo gida na ɗaga littafin nan daga kan tebur. Takardar tana nan, da zoben kofin shayina a kusurwarta. A shafi na huɗu ta rubuta yadda ta bi tsofaffin unguwa bakwai tana tambayarsu, ta ƙirga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zana inda kowanne yake don a mayar da ukun da suka zame a mazauninsu. Ta ce darajar bangon ita ce siminti bai taɓa shi ba, kuma ta roƙi kwamiti kada a bar kowa ya sa masa, komai kyan niyyarsa. Babu kalma ɗaya da zan cire a shafin.

Mako guda ta yi tana wucewa ta gaban teburin nan, tana kawo shayi, tana kallon littafin da na ɗora, ba ta tambaya ba. Abin da take jira bai fi numfashi ɗaya ba.

Na karanta, Shugaba. Ya yi kyau.