Gwajin da Baba Ya Bari

"Goge shi."

"Ba zan goge ba."

"Auta, babu komai a cikinsa. Na buɗe, ka buɗe. Fari fat."

"To me ya sa na'urar ta ce akwai?"

Yaya ta juyo da allon kwamfutar gabana, kamar ba tun safe nake kallonsa ba. Jan rubutun yana nan yadda yake: akwai abu a wurin fitarwa, an dakatar da aiki. A duk gidanmu na'urar nan ce kaɗai ta taɓa goyon bayana.

Shagon na Baba ne. Fassara ake yi, amma ba da hannu ba. Akwai ma'ajiya biyu a intanet, Baba yana ce musu rumbu. A zuba takardu a rumbun shiga, komai yawansu, a zaɓi harsuna, a danna, na'ura ta juya su gaba ɗaya ta juye a rumbun fita. Sharaɗinta ɗaya ne: ta tarar da rumbun fita wayam. Ko ƙura ta gani ba ta zubawa.

Da Baba ya rasu, Baffa ya zo rabon kaya. Baffa bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma mutum ne mai son adalci. Ya ba Yaya firinta, ya ba ni igiyar wutarta. Da ya ji akwai rumbu biyu sai fuskarsa ta washe, ya ce Allah ya kawo masa sauƙi: na shiga na Yaya, na fita nawa. Wayar Baba kuwa ya bar wa Mama, don ya ga ba ta da niyyar sakinta.

A rumbuna abu ɗaya ne. Fayil ne mai suna gwaji. Baba ya yi shi a ranarsa ta ƙarshe a shago, don ya ga ko rumbun yana karɓa, bai rubuta ko ɗigo a ciki ba. Gefensa akwai sunan Baba da kwanan watan ranar. Washegari bai fito ba. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya yi a duniya, in ban da ɗaukar cokali. Kullum in na buɗe shago shi nake fara dubawa. Ba na taɓa shi. Ina dai ganin yana nan a sama, shi kaɗai.

"To matsar da shi wani wuri," in ji Yaya.

"In na matsar, sunan zai koma nawa, kwanan watan ya koma na yau."

"Sai me?"

"Sai ya zama nawa."

"Kai dai ka gaji komai na Baba ban da aikinsa. Dubi fuska kamar an aiko ka da mugun labari."

Mai Fanka ya yi gyaran murya daga bencin baƙi. Shi ne babban kwastoman Baba, kuma shi kaɗai ne bai gudu ba. Fanka yake shigowa da su, da dutsen guga, da injin markaɗe, ya tura wa 'yan kasuwa a ƙasashe dabam-dabam. Sun ce masa ba za su sauke ko kwali ɗaya ba sai da takardar bayani a harshensu. Takardun nan ne jibge a rumbun Yaya, suna jiran rumbuna.

"'Ya'yan Maigida," ya ce, "ni ba na shiga maganar gida. Amma motata tana can ɗauke da kaya, direban har ya fara gemu. In yau ban samu ba zan tsallaka titi, shagon can ma sun ce suna yi."

"Za ka samu, ranka ya daɗe," in ji Yaya. Ta taka ƙafata a ƙarƙashin tebur.

"Ku gina wani rumbun mana. Ko siminti ake saye?"

Yaya ta yi masa bayani da irin muryar da take yi wa yara. Buɗe sabuwar folda ba wuya. Amma na'urar ba ta zubawa sai inda Baba ya ba ta izini, kuma wuri ɗaya ya ba ta. Sabon izini sai an amince daga wayarsa.

"Ina wayar?"

"Tana gida."

"To?"

Muka kalli juna, ni da Yaya. Mai Fanka ya ce zai jira mana shagon, ya matsa ƙarƙashin fankarmu, ya ɗaga kai ya ce wannan ba tasa ba ce, da ganin yadda take nishi.

Gidan ba nisa. Mun tarar da Mama a falo tana tsince wake a faranti. Wayar Baba tana kan hannun kujerarsa, a jone da caji, yadda take kullum. Mama tana goge ta duk safiya da gefen zane, ta mayar. Ba wanda ke zama a kujerar.

"Aro muka zo, Mama," in ji Yaya.

"Ba a aro."

"A nan ma za mu yi. Ba za ta motsa ba."

Mama ta ce a yi a gabanta. Yaya ta ɗauki wayar, allon ya kawo haske, ya nemi fuska. Ba lamba, ba yatsa. Baba bai yarda da lamba ba, yana cewa ana iya satarta, fuska kuwa sai dai a haƙura.

Yaya ta sauko da hotonsa daga bango ta nuna wa wayar. Ta ƙi. Ta kawo na katin shaida. Ta ƙi. Ta kawo na bikinsu da Mama, Mama ta ce a mayar da wannan, ko ita ba ta gane mutumin da ke ciki ba.

Sai Yaya ta tsaya tana kallona. Na san kallon. Da shi ta sa na hau rufin kwano ɗauko ƙwallo muna yara.

"A'a," na ce.

"Zauna."

"A kujerar?"

"Ko ka goge gwajin. Zaɓi."

Na zauna. Kujerar ta lotsa daidai inda ta saba, ta karɓe ni ba musu. Yaya ta shiga ɗaki ta fito da tabarau ɗinsa, da hularsa ta aiki, da shuɗiyar rigar nan mai aljihu a ƙirji. Biro yana cikin aljihun har yanzu. Ta sa na saka su. Mama ba ta hana ba. Ta ajiye faranti.

Na kalli wayar. Ta kalle ni. Ta ƙi.

"Ba haka yake kallonta ba," in ji Mama. "Sauke haɓa yake yi. Ta saman tabarau yake kallo."

Na sauke haɓa.

"Leɓen ƙasa. Turo shi. Ba can ba, kai ba akuya ba ne."

Ta ƙi.

"Idon ne," in ji Mama. Ta taso ta tsaya a kaina, ta gyara hular da yatsu biyu. "Idonka na mai jin haushin duniya ne. Shi nasa na wanda duniya ta riga ta ba shi kunya ne. Ka tuna ranar da ka kawo masa sakamakon jarrabawarka?"

Na tuna. Bai yi faɗa ba ranar. Ya karanta takardar har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai ci gaba, sannan ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Na ɗauko kallon nan daga inda na ajiye shi, na ɗora wa wayar.

Ta buɗe.

Yaya ta buga guɗa rabi ta haɗiye rabi. Mama ta juya. Ta shiga kicin, ta dawo da shayi a kofin Baba, wanda ba a taɓawa, ta ajiye a hannun kujera, ta juya mariƙin ya kalli hannun hagu. Ni da dama nake sha. Na ɗauka da hagu.

Matsalar ita ce wayar tana son ganinsa a kowane mataki. A buɗe folda, fuska. A ba na'ura izinin rubutawa, fuska. A nuna mata sabon wurin fitarwa, fuska. Mataki na ƙarshe kuma sai an haɗa da kwamfutar shago. Yaya ta ce kada in saki fuskar, don ba ta da tabbacin zan sake samo ta. Mama ta ce wayar ba ta fita ba tare da ita ba, ta yafa mayafi.

Haka muka fito layi. Mama a gaba riƙe da waya da cajarta, ni a tsakiya da haɓa a ƙasa, Yaya a baya tana faɗin, "Kada ka yi dariya." Ban da niyya.

Mai gyaran taya yana cikin hura iska ya hango ni. Ya saki tiyon, ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Barka da fitowa, Maigida. An kwana biyu."

Na gyaɗa kai. Haka Baba yake amsawa.

Wanzamin kusa da shago ya tsaya da aska a sama, shi da wanda yake yi wa aski suka bi ni da kallo ta madubi. Na ji yana cewa, "Na ce maka jita-jita ce." Mai sayar da katin waya ta gaishe ni, ta ce ya jiki, ta ce Auta dai sai addu'a, yaron nan ko gaisuwa ba ya yi. Mama ta ce wallahi kuwa.

Mai Fanka ya miƙe da muka shiga. Ya cire hula, ya mayar.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu za a yi aiki. Maigida, da ka ga yadda yaran nan suka so su kashe ni."

"Auta ne," in ji Yaya.

"Na sani, shi ne ya fi taurin kai."

Na zauna a gaban kwamfuta. Yaya ta ja kujera gefena, ta rubuta adireshin sabuwar folda a gurbin wurin fitarwa, ta duba shi harafi bayan harafi, ta tabbatar foldar wayam take. Mama ta riƙe wayar daidai fuskata. Wayar ta nema, na ba ta. Yaya ta danna.

Jan rubutun ya ɓace.

Sai suka fara zubowa. Bayanin fanka a wani harshe, bayanin fanka a wani, dutsen guga da rubutun da ake karantawa daga dama, injin markaɗe da rubutu kamar ƙananan tagogi. Kada a tsoma a ruwa. Kada a sa yatsa yana juyawa. A nisanta daga yara. Mai Fanka ya leƙo ta kafaɗata yana cewa madalla, madalla, duk da ba ya iya karanta ko ɗaya.

"Ga shi nan," in ji Yaya. Ta daki bayana. "Ba a goge maka ba, ba a matsar maka ba. Kowa ya ci. Sai ka saki rai."

Na koma babban shafin rumbuna in duba shi. Shafin yana jera komai, har da abin da ke cikin sabuwar folda, sabo a sama. Gwaji ba ya sama. Na gangara. Gefen kowane sabon fayil akwai sunan wanda ya yi shi da kwanan wata. Sunan Baba. Kwanan watan yau. Da izininsa aka yi, daga wayarsa, da fuskarsa. Na gangara, na gangara, sunansa yana wucewa kamar sandunan wuta ta tagar mota, sababbi suna ta ƙaruwa daga sama suna danna na ƙasa. Can ƙarshe na same shi. Gwaji. Ba a taɓa shi ba. Abu na ƙarshe da Baba ya yi yanzu shi ne bayanin injin markaɗe. Kafin in gama karanta sunan, ya koma na dutsen guga.

Mai Fanka ya ce wata motar tana tafe, da firji a ciki, kada Maigida ya sake yin nisa. Yaya ta ce ba inda za shi. Ta samo ƙusa ta kafa a bango bayan tebur, ta ce nan za a riƙa rataye hular da rigar, ta ce kada in kuskura in yi aski ban gaya mata ba, kuma in rage kwana da wuri don idon ya zauna.

Na cire tabarau. Na cire hula da rigar. Na ciro wayata daga aljihun wando don in ga lokaci. Ta kawo haske, ta kalle ni, ta ƙi. Na saki haɓa, na mayar da leɓe, na gwada murmushi. Ta ce ba ta gane fuskar ba.

Mama ba ta lura ba. Ta ɗauki tabarau ɗin daga tebur ta sa a idonta, ta sunkuya kan allon. Ba ta karanta harsunan nan, amma sunan mijinta tana gane shi ko a ina. Ta ɗora yatsa a kansa, sabo ya zo ya ture shi, ta sake ɗorawa. Fankar tana nishi a sama. Yaya ta tsaya da rigar a hannu, Mai Fanka ya daina cewa madalla.

Mama ta juyo, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan duka shi ya yi, ko kai?"