Kafin Auta Ya Shiga Ruwa

Ni na rubuta manhajar da muke magana da injinan madatsar ruwa da ita daga ofis. Ka danna nan, ƙofa ta ɗaga a can bayan gari. Ranar da nake ba ku labari, ruwan sama ya kwana biyu bai ɗauke ba, madatsa ta cika taf, na'urar babbar ƙofa kuwa ta yi gum. In ba a buɗe ba, bango zai fashe a kan gonakin mutane.

Manaja ya tsaya a kaina yana huci, ya ce a tura ma'aikaci ya murɗa da hannu. Ma'aikacin nan ƙanena ne, Auta, kuma tsakaninsa da ƙofar akwai rafi da ya yi hauka. Wanda ko a baho aka sa shi sai ya sha ruwa!

Na kira shi na ce kada ya kuskura ya tsoma ƙafa. Ya yi dariya, wai yana bakin rafin ma, ya cire takalmi. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni sosai.

Na zuba wa allon kwamfuta ido. Ashe na'urar ba ta mutu ba. Da hasken rana take aiki, rashin ranar ya cinye mata batir, sai ta farka, ta saurara kaɗan, ta koma barci. Manhajar tawa kuma sarkin gaisuwa ce: sai ta tambayi lambar na'ura, da tsayin ruwa, da ƙarfin batir, kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Kan ta gama, waccan ta yi nisa a barci.

Na zauna na datse tambayoyin kaf, na bar umarni ɗaya tak, buɗe, ya yi ta tafiya ba tsayawa. Manaja ya ce ai ganganci ne, ba amsar da za ta dawo, ta ina za mu san ta ji?

Na ce, "Auta yana da ido. Shi ne amsarmu."

Na tura. Shiru. Na sake kiran Auta, ba na jin komai sai rugugin ruwa. Manaja ya miƙo hannu a ba shi wayar, na hana shi, ban ko kalle shi ba. Ban taɓa komai ba, na bar umarnin yana ta bugawa.

Can sai muryar Auta, ƙasa-ƙasa: "Yaya, tana ɗagawa."

Da yamma ya shigo ofis yana murmushi, takalmi a hannu. Na tashi zan tsokane shi, sai na ga rigarsa. Jiƙe take da jar laka har ƙirji, kafaɗun kuwa ba laka ko kaɗan. Ya ce ai bai yi nisa a cikin rafin ba. Na riƙe wuyan rigar nan da hannu biyu.